Gwaggo da Mutanen da Ba Ta Taɓa Gani Ba

Na iso Tahoua an riga an kai Gwaggo makwancinta. Tun daga bakin lungunmu na hango tabarmi shimfiɗe har gindin dogon yaro, maza zaune a kansu, takalma zube gefe guda. Ina shiga gida mata suka taso mini. Akwai waɗanda suka zo daga Afala a kan amalanke, ɗaya daga cikinsu ta riƙe hannuna tana ta maimaita magana guda: "Wa zai yi muna faɗa yanzu? Wa zai yi muna faɗa?" Wani ma'aikacin asibiti, mutumin Damagaram, ya zauna a zaure yana kuka kamar ba babba ba. Ya ce ranar da aka turo shi garin nan bai san kowa ba, albashi kuma ba ya zuwa, a kwanon Gwaggo ya ci tuwo har ya yi aure. Wani dattijon Buzu ya zo da cuku ƙulle a tsumma, ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya yi fatiha ya tashi, ba wanda ya san daga ina yake. Wata tsohuwa kuma daga Tebaram ta ƙi zama ko'ina sai cikin ɗakin marigayiya, a gefen gadon.

Da la'asar sai ga sakatariyar wani ofishi a nan garin ta shigo da takardu a hannu, gaisuwar ta'aziyya ce da aka aiko daga ƙasashen waje. Baba ƙarami, ƙanen mahaifina, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya sa gilashinsa yana karantawa yana juyawa da Hausa. Wannan daga Kanada, wannan daga Dakar, wancan daga Rasha, kowa yana cewa Gwaggonmu. Wata maƙwabciya ta kasa haƙuri ta ce, "Wai yaushe tsohuwar ga tat tahi waɗanga ƙasashe? Ni dai ban san ta wuce Ƙonni ba."

Gaskiyarta, ba ta taɓa wuce Ƙonni ba. Tambayar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin kada wata rana a rasa mai amsa ta.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta karɓe ni ina jaririya bayan rasuwar mahaifiyata, 'ya'yan da ta haifa kuwa ba wanda ya rayu. Shekaru da yawa ita ce babbar mai dafa abinci a makarantar kwana ta 'yan mata, shi ya sa ba ta iya ƙaramar murya ba, ba ta kuma iya ƙaramar tukunya ba. Ba ta san ko bihim na boko ba, amma ita ta tsaya tsayin daka sai na yi. Tana da rediyo da aka ɗaure da roba, ba ta kashe ta sai batir ya mutu, kuma tana mayar wa masu labarai magana. A shekarun nan da jam'iyyu suka yi yawa, yau yajin aiki gobe sabuwar gwamnati, in ɗan siyasa ya yi alkawari sai ka ji ta ce, "Ƙarya kake, ɗan nan, amma ci gaba." Kowace safiya kafin rana ta yi zafi sai ta zagaye unguwa gaisuwa, gida gida, da goro a kunci. Mai jego, mara lafiya, baƙon ma'aikaci, ba wanda take tsallakewa, kuma ba wanda take barin gidansa ba ta gyara masa wani abu da baki ba.

Ni kuwa karatu ya kai ni Turai neman digirin dokta. Aikina a kan rijiyoyin arewacin yankinmu na Adar yake, yadda ruwansu ke sauka da hawa. A can na shiga wani taro na ɗalibai da ma'aikata 'yan Nijar da ke warwatse a duniya. Mutum zai rubuta saƙo a kwamfuta, ya bi ta wayar tarho, kowa a cikinmu ya samu. Muna kiran abin fada, kamar fadar samarin da ke shan shayi a bakin titi. Sannu a hankali sai aka ɗora mini tsaronta: ni ke shigar da sababbi, ni ke raba faɗa. Da na dawo gida don aunin rijiyoyi, shugaban wani ofishin furoje, masu aikin raya karkara, ya yarda in riƙa amfani da na'urarsu in ma'aikata sun tafi hutun rana. Layin sai ya bi ta Yamai, yana tafiyar hawainiya, in wuta ta ɗauke kuma a koma farko.

Gwaggo ta ga kullum ina fita cikin tsakar rana ba tare da na ci abinci ba, ta tsare ni. Na yi mata bayani iya yina. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Gobe ki kai ni in gan su."

Ta ɗaura zanenta na biki muka tafi. Ta duba na'urar gaba da baya, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ce, "To ina mutanen?"

"Ga su nan, Gwaggo. Wannan layin maganar wani ce, wannan ta wani."

"Kin gaishe su?"

"Ba a cika gaisuwa ba a nan. Kowa abin da ya kawo shi yake faɗa."

Ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Fada babu gaisuwa? Zauna ki rubuta."

Ta ja kujera ta fara. Ina kwananku, ina gajiya, ina baƙunta, ina sanyi, yaya kewar gida. Ta ce a gaya musu gero ya yi tsada amma ana ci, kada su sa damuwa a rai. Ta ce wanda ya san bai yi wa uwarsa aike ba ya ji tsoron Allah. Na rubuta da Hausa kamar yadda ta faɗa, ina jin kunya a raina, don mutanen nan da faransanci suke musu a kan tsarin mulki. Kashegari na tarar da amsoshi fiye da yadda na taɓa gani. Wani da aka sani da zafin baki ya rubuta cewa rabon da a tambaye shi gajiya tun ranar da ya bar gida. Daga ranar ta zama Gwaggon kowa. In na dawo sai ta ce, "Mi ɗiyana sunka ce yau?" A hanyar komawa gida ranar farko ta ce mini, "Mu zumuntarmu a ƙafa take, taku kuwa a yatsa. Allah shi sa yatsan kada ya gaji."

Ba ta tsaya a gaisuwa ba. Akwai wani a fadar da ya zagi wani ɗan siyasa da take ƙauna, na yi kuskuren ba ta labari. Ta ce in rubuta masa cewa shi ɗan banza ne mara kunya, kuma wanda ya yi masa tarbiyya ya yi asarar hatsi. Na rubuta cewa Gwaggo tana gaishe shi, tana kuma roƙon a riƙa sassauta harshe. Ya amso da godiya mai tsawo, na karanta mata. Ta zuba mini ido.

"Mi kinka rubuta? Ni in zagi mutum shi yi mini godiya?"

Ranar ba ta ba ni nama a miya ba.

A shekarar da damina ta yi gardama, wani yaro ɗan Tebaram da ke karatun injiniya a wata ƙasa mai tsananin sanyi ya rubuto. Ya ce ya daɗe bai ji daga mahaifiyarsa ba, kuma ya ji ƙishin-ƙishin ba ta da lafiya. Ya ce jarrabawa na gabansa amma ya kasa karanta ko layi guda. Mutane suka yi ta yi masa addu'a. Na ambata wa Gwaggo muna cin tuwo, ba da wata niyya ba. Ta cire hannu daga kwano ta tambayi sunan unguwarsu. Washegari ta shiga motar 'yan kasuwa ita kaɗai, da ciwon gwiwarta, a bisa buhunan albasa. Ta samu matar kwance, tari ya cinye ta, rumbu kuma ba kome. Ba ta nemi shawarar kowa ba ta ɗauko ta ta kawo Tahoua, ta kai ta asibiti, ta sauke ta a ɗakinta. Ita ce tsohuwar da ta ƙi barin gefen gado ranar makoki.

Da matar ta samu sauƙi suka zo ofis tare. Na ce ta faɗi abin da take so a gaya wa ɗanta. Ta kalli na'urar ta ce, "Ki ce mishi akuyarshi ta haihu, biyu." Gwaggo ta ce, "Shi ke nan? Ki ce mishi kin warke mana!" Ta ce, "Zai gane."

Daga nan saƙonni suka ɓalle. Wannan a duba masa mahaifinsa a Afala, wancan a tambayo masa ko an yi auren ƙanwarsa, wata a kai wa kakarta hoto. Ga rikicin siyasa kullum sabo, har aka fara zagin yanki da yanki, kowa yana kirana in raba. Ni kuwa aikina yana da lokacinsa. Dole in auna rijiyoyin cikin bazara, sa'ad da ruwansu ya kai ƙarshen sauka. Ruwan farko na faɗuwa aunin ya lalace, sai wata shekara, kuma ba a ba ni wata shekarar ba. Zafi ya shigo ban gama ko rabi ba, rubutun ma ban taɓa shi ba. Sai malamin da ke duba aikina ya aiko da saƙo gajere. Ya ce yana ganin sunana kullum a wurare da yawa ban da kan babin da na yi masa alkawari. In bazarar nan ta wuce, in nemi wani malamin.

Na dawo gida na tarar da Baba ƙarami ya zo gaishe da yayarsa. Na gaya musu, na kuma ce na yanke shawara zan fita daga fadar gaba ɗaya.

Baba ƙarami ya ce, "Madalla. Tun yaushe nake faɗa? Ƙasa ta tura ki karatu, ba hira ba. Taura biyu ba su taunuwa."

Gwaggo ta juyo kansa, ta kira shi da laƙabin da take masa tun suna yara. "Kai Mushe, da kai anka yi magana?"

"Yaya, ke kinka ɗaure mata gindi. Kin mai da yarinya 'yar aike. In anka kore ta, mutanen cikin waya za su ba ta digiri?"

"Ni na ɓata ta? Ni da na kai ta lakwal kana cewa a bari ta ƙara girma?"

"Wannan tsohuwar magana ce."

"Tsohuwa ce, ni ma tsohuwa ce. Tashi ka ba ni tabarmata."

Haka ya fita yana kaɗa riga. Suka yi kwanaki ba sa ga maciji. Da safe in ta zo ƙofar gidansa wajen zagayenta, sai ta gaida matarsa da 'ya'yansa da ƙarfi yadda zai ji, ta wuce. Amma na lura maganarsa ta shige ta, don ta daina tambayata abin da ɗiyanta suka ce, kuma ta rage cin abinci.

Ranar Lahadi ta ce in raka ta kasuwa. Muka kutsa cikin jama'a, raƙuma da jakuna, masu tabarmi, masu gishiri, mutanen ƙauye da na daji. Ta sayi abin da za ta saya, muka samu inuwa muka tsaya. Ta ce, "Kin ga taron ga? Gobe ki zo nan ki gani, sai 'yan tireda da awaki. Kasuwa ta mutu ke nan?"

"A'a, Gwaggo."

"Kowa ya koma gonarshi da garkenshi. In ba su koma ba, mi za su kawo wani mako? Ke kin mai da taku kasuwar kullum, shi ya sa ba ki da abin kai wa malaminki." Ta tofar da goro. "Ƙanena ya yi gaskiya, kak ki hwaɗa mishi. Taura biyu ba su taunuwa. Amma wa yac ce a yar da guda? A ƙulle ta a bakin zane, in an gama da waccan a kwance. Kin tara ɗiyan mutane cikin baƙunta, sun saba da ke, sannan ki sulale? Ba a gidana kinka koyi wannan ba."

Ta riga ta tsara kome. Rana ɗaya a mako zan je ofis, ranar Laraba. Duk wani aike na dubiya da tambaya nata ne, ni karantawa kawai zan yi mata. Raba faɗa kuma a nemo wasu su kama mini. "Tuwon makaranta ba mace guda ke tuƙa shi ba," in ji ta. "Na gwada ina yarinya, kafaɗata har yau ba ta yafe mini ba."

Na rubuta wa fada haka. Na zaci za a ji haushi, sai ga mutum biyu sun ɗauki nauyin, ɗayansu yaron nan ɗan Tebaram. Wasu ma suka ce su ma za su bi tsarin Gwaggo, don ba ni kaɗai malami ke nema ruwa a jallo ba.

Sauran kwanakin bazara a daji na yi su, tsakanin Takanamat da ƙauyukan da ke bayanta, ina zura igiyar awo a rijiyoyi tun kafin makiyaya su kawo dabbobi. In na dawo gari rubutu, Gwaggo takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina ta zauna tana tsince zogale, ta rage muryar rediyo, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Duk wanda ya zo nemana ta ce, "Ba ta nan." Wata ƙawata ta ce ai ga takalmanta. Gwaggo ta ce, "Takalman kinka zo gani? To ga su, ki gaishe su." Ranar Laraba kuwa ita ke riga ni shiri. Wata Larabar na ce yau zan tsallake, rubutu ya yi daɗi. Ta ce, "Tashi. Alkawari bai san rubutu ya yi daɗi ba."

Ina kan rijiya ta ƙarshe hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mun kama hanyar gida ke nan ruwa ya sauko. Na shigo jiƙe sharkaf na ce na gama. Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, sannan ta zuba tuwo a babban kwano ta ce a kai wa Mushe. Da yamma sai ga shi ya zo mayar da kwano da kansa, ya zauna a tabarmar da aka kore shi daga kanta, suka shiga musun wanda ya fara ba da shawarar Laraba.

Na koma Turai don in ƙarasa rubutu. Ita kuwa ba ta bar Larabarta ba. Sakatariyar ofishin ce ta riƙa karanta mata tana rubuta amsarta, kuma na ji labari ita ba ta tace zagi kamar ni. Kowane mako nakan ga gaisuwarta a fada, a ƙarshe kuma akan sami layi guda nawa: a gaya wa ɗiyata ta rufe wannan ta koma aikinta.

Da lokacin kare aikina gaban malamai ya matso, na daina ganin dogayen gaisuwarta, sai gajeru. Na tambaya, aka ce zafi ne ya hana ta fita sosai. Na kira ofis, sakatariya ta ce Gwaggo tana lafiya, ta tafi suna. Fadar ma ta yi wani irin lafawa, ba faɗa ba gardama, kowa sai fatan alheri yake yi mini. Na ɗauka sun tausaya mini ne saboda jarrabawa.

Ashe tun da daɗewa take kwance. Ashe ta sa an rubuta wa masu tsaron fada su biyu, su kuma suka bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Tebaram ne ya gaya mini daga baya, yana kuka a waya. Ta ce duk wanda ya sanar da ni kafin in gama, ba ta yafe masa ba duniya da lahira. Gajerun gaisuwar nan daga kan gado take faɗarsu, sakatariya na zuwa gida tana ɗauka. Mutanen da ba su taɓa iya riƙe magana daga safe zuwa azahar ba suka riƙe wannan har ƙarshe, ba wanda bakinsa ya suɓuce.

Ranar da na kare aikin na fito na kira ofis. Baba ƙarami ne ya ɗauka, ashe tun safe yake zaune a wurin yana jira. Na ce, "Baba, an ba ni." Ya ce alhamdu lillahi, ya ce in riƙe waya kusa, zai sake kira. Shi ya ba ni labarin sauran. Ya tafi gida da sassarfa ya durƙusa a gefen gadonta ya ce, "Yaya, ta gama. An ba ta." Ta buɗe ido ta ce, "Duka?" Ya ce duka. Ta ce a dama mata fura, alhali ta kwana biyu ba ta karɓar kome. Ta kurɓa kaɗan ta mayar da kai kan matashi, sannan ta ce, "To, yanzu ku hwaɗa mata."

Na samu jirgi na farko da na iya samu. Ina Yamai ina neman motar Tahoua Gwaggo ta cika.

Har yau ban san ko na gode mata a kan wannan ba ko ina jin haushinta. Wata rana nakan ce da ta bar ni na zaɓa da kaina. Amma na san abin da zan zaɓa, ita ma ta sani, shi ya sa ba ta tambaye ni ba.

Ya Allah, baiwarka ce ta zo maka, wadda ba ta taɓa jin mutum na cikin kewa ta zauna ba. Kada ka bar ta cikin kewa a kabarinta. Ka yafe mata zafin bakinta, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Wanda duk ya karanta wannan, ko ya san ta ko bai san ta ba, ina roƙon ya yi mata fatiha.